Gulbin Maraɗi: barajin Jibiya ne ke jawo muna ambaliya, ko dai wani abu ne daban?

Ɗan_Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, kuma ina son amsar wanda ya san abin, ba ta majalisar shayi ba. Duk damina in ruwa ya yi ɓarna Maraɗi sai ka ji ana "Najeriya ta buɗe baraji", wato madatsar Jibiya. In rani ya yi, rijiyoyin fadama sunka yi ƙasa, mutanen nan dai su ne za su ce Najeriya ta tare muna ruwa. To wanne za mu kama? Baraji guda, shi ne ke hana mu ruwa, shi ne kuma ke kada muna gidaje? Ni dai a ganina tun da anka gina shi gulbin ya rikice, kuma ambaliyar da muke sha yanzu da hannunshi ciki. Mai ja ya zo da hujja.

Bajibiye:
Wa alaikumus salam. Mun saba ai. Ruwa ya yi yawa, Jibiya. Ruwa ya yi kaɗan, Jibiya. Saura in akuyar mutum ta ɓata a Tarna a ce dam ne ya haɗiye ta. Bari masana su shigo, ni ina gefe tukuna.

Malam_Taswira:
Kafin a raba laifi a fara sanin hanyar ruwan, don da yawa daga masu gardamar nan gadar garinsu kawai suka sani.

Gulbin Maraɗi ba a Nijar yake farawa ba. Tushensa yana ƙasar Katsina, inda ake ce masa kogin Gada. Ya bi ta Jibiya, ya tsallaka iyaka ya nufi arewa, ya wuce ta gefen Madarumfa da Jiratawa, ya bar birnin Maraɗi a gabas da shi, ya kai Tsibiri. Daga nan ya karkata yamma zuwa Gidan Rumji, sannan ya sunkuyo ya sake shiga Najeriya ta wajen Sabon Birni, ya zuba a Rima. Rima ta haɗu da kogin Sakkwato, su tafi kogin Neja tare. Ke nan a Nijar baƙo ne mai wucewa, ya yi tafiyar da ta fi kilomita 100 ya koma inda ya fito. Kuma ba ya gudu sai da damina, daga wajen Yuni zuwa Oktoba. Sauran shekara yashi ne, amalanke na bi ta cikinsa.

Abu na biyu, ƙasar da yake ratsawa iri biyu ce. Can sama, daga Jibiya zuwa wajen Ɗan Isa, dutse yana kusa, ƙasar da ke kansa ba ta da kauri. Ruwan sama ba ya samun inda zai nutse, sai ya taru nan da nan ya gangaro a guje. Daga Madarumfa zuwa ƙasa kuwa shimfiɗaɗɗen fili ne na rairayi, gangaren ɗan kaɗan ne, kwarin ya buɗe har faɗinsa ya wuce kilomita guda. Ruwan da ya taho da gudu sai ya rage sauri, ya bazu, ya sauke yashi da lakar da ya ɗauko. Wannan bazuwar ce ta yi fadamar da muke alfahari da ita. Duk inda kuka ga baƙar ƙasa mai kyau a kwarin nan, ruwa ne ya taɓa kwanciya a wurin ya ajiye ta.

Hajiya_Mai_Zogale:
Malam ka faɗi gaskiya, Allah shi ƙara sani. Mu da ke noma cikin fadama ba mu kiran shigar gulbi masifa, in dai ya shigo da hankali. Uwata takan ce shekarar da gulbi bai hau gona ba, shekarar taki ce da tsada. In ya kwanta kwana biyu ya janye, sai ka shuka tumatir da albasa da dankali ba ka nemi komi ba, danshin na nan har sanyi ya wuce. Da can da jigo ake ban ruwa, rijiya gaba biyu ka tarad da ruwa. Yanzu kowa sai da inji, kuma kowace shekara sai an ƙara tiyo. Jiratawa ma da kuke jin labarin zogalenta, ba ruwan saman gulbi take sha ba, na ƙarƙashin ƙasa ne ake jawowa da fanfo tun farkon shekarun 1980. Wannan ruwan na ƙasa kuwa wa ke cika shi in ba gulbin ba? Don haka ni kukana ba irin na Ɗan_Bagalam ba ne. Ni ƙarancin ruwan ke damuna.

Baba_Limanci:
Yaro, Ɗan_Bagalam, kai da sunan unguwarka ma ya ishe ka amsa. Ka san Bagalam ɗin da kake zaune ba nan take ba tun asali?

Tsohon birnin Maraɗi can ƙasa yake, cikin kwari, bakin gulbi. Katsinawan da sunka baro Katsina bayan jihadi, zamanin Ɗan Kasawa, nan sunka zauna, don wurin na da ruwa, na da kurmi mai duhu, mahayin doki ba ya faɗa maka kai tsaye. Gobirawa ma da sunka kafa Tsibiri a 1836 gefen gulbin nan sunka zaɓa. Garin ya shekara fiye da ɗari a wurin. Sai damanar 1945 ruwa ya zo ya ci shi. Ni ban gani ba, mahaifina, Allah shi jiƙan shi, shi ya gani yana saurayi, kuma har ya koma ga Allah in an yi ruwan dare ba ya barci sai ya fita ya duba ƙofar gida. Ya ce ginin ƙasa ba faɗuwa yake da ƙara ba, narkewa yake daga gindi, ka ga ɗaki ya durƙusa. Rumbuna sunka tafi da hatsin da ya rage.

Bayan nan ne Nasara ya sa anka tashi garin anka hau tudu, anka yanka tituna miƙaƙƙu, anka ba kowa wuri. Unguwanni sunka hau da sunayensu: Bagalam, 'Yandaka, Maradawa, Limanci, Ɗan Gulbi, Mokoyo. Shi ya sa in ka lura tsoffin unguwanninmu layi-layi suke, ba lunguna irin na cikin Birnin Katsina ko na Damagaram ba.

To ka ƙirga. An gama barajin Jibiya a 1989. Daga 1945 shekara 44 ke nan. Wa ya buɗe ma kakanninmu baraji?

Ɗan_Bagalam:
Allah shi ja kwana Baba, na ji, kuma ban musa ba. Amma don gulbi ya yi ɓarna kafin baraji ba shi ke nuna barajin ba ya ƙara wata ba. Mutum na iya zama da ciwo tun da, wani abu ya zo ya tsananta shi.

Injiniyan_Ruwa:
Tambayar Ɗan_Bagalam tana da kyau, kuma amsar ita ce maganganun biyu da ya ji ba sa cin karo kamar yadda yake zato.

Dam ɗin Jibiya na ƙasa ne, tsawon bangonsa ya haura kilomita uku da rabi, tsayinsa ya ɗan wuce mita 20, an tsara shi ya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 142. An yi shi ne don noman rani da ruwan sha. A farkon damina tafkin yana ƙasa, don an sha, an yi ban ruwa, rana ta ƙone wani. Saboda haka ruwan Yuni da Yuli da ya sauko daga sama, dam ne ke fara shanye shi. Wannan shi ne ruwan da Hajiya ke kewa: ƙananan cikowa na farko, masu jiƙa fadama su cika rijiyoyi. A nan masu cewa an tare ruwa suna da gaskiya.

Amma in damina ta yi ƙarfi, tafkin ya cika, to daga nan dam ba shi da sauran ciki. Kowane dam na ƙasa ana yi masa mafitar rara, don in ruwa ya haura ta kan bangon zai cinye shi, abin da ya fi kowace ambaliya muni. Abin da ya shigo ta sama shi zai fita ta ƙasa. Mutumin Madarumfa ya ga gulbi shiru tsawon wata biyu, sai rana guda a ƙarshen Agusta ya gan shi baki da baki, dole ya ce an buɗe. Alhali ko babu dam wannan ruwan zai zo, watakila ma ya riga haka zuwa.

Sannan a tuna, dam ba ya riƙe komai sai abin da ya faɗi a bayansa. Duk ƙoramun da ke shiga gulbin a ƙasa da shi, babu mai tare su.

Inda nake ganin dam yana da hannu a ɓarna shi ne ta wata hanyar: yana sa mutane su saki jiki. Shekara biyar, shida gulbi bai hau ba, sai a fara gini da dasa lambu a inda kakanni ba sa kwana.

Bajibiye:
To bari in shigo yanzu. Duk mai cewa mu ke aiko muku da ruwa, ya tambayi mutumin Jibiya daren Lahadi 15 ga Yuli 2018. Ba zan manta ranar ba, don ranar ce Faransa ta ci kofin duniya, samari sun dawo daga gidan kallo ana ta musu. Wajen sha ɗaya na dare ruwa ya sauko, cikin 'yan awoyi ya shiga Kwata, Ɗan Tudu, Tukare, Unguwar Mai Kwari. Mutum fiye da 40 suka rasu, galibi mata da yara, gidaje ɗaruruwa suka rushe, dabbobi kuwa ba a magana. Gwamnan Katsina na lokacin, Masari, ya zo da kansa ya gani.

Dam bai fashe ba a daren nan, yana nan daram. Kogi ne ya cika ya fi ƙarfin magudanan gari, ruwan da ya kamata ya fita daga unguwa ya faɗa kogi sai ya rasa hanya ya dawo cikin gidaje. Kuma wasu daga cikin gawarwakinmu a ƙasarku aka tsinto su, 'yan'uwanmu na wajen Madarumfa ne suka taimaka. Tun daga lokacin in na ji ana "su" da "mu" a kan ruwan nan raina ɓaci yake.

Uwar_Tagwaye:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya sa sun yi shahada. Ina tuna lokacin, 'yar ƙanwar mijina na aure can, kwana biyu ba mu same ta a waya ba.

Ɗan_Bagalam:
Amin. Yi haƙuri ɗan'uwa, ban ɗauko maganar don in fama maka ciwo ba.

Bagobirin_Tsibiri:
Allah shi gafarta musu. Ni abin da nika so in ƙara, ku mutanen Maraɗi kun cika ganin kamar gulbin naku ne ku kaɗai don an laƙa mai sunanku. Mu da ke ƙasa da ku, ruwan ba ya iso muna sai ya biya ta bayan gidanku. Leda, tsumma, ruwan rini, ragowar mahauta, duk mu ke karɓa. Kuma wajenmu da Gidan Rumji matsalar ba saurin ruwa ba ce, zamanshi ne. Ƙasa ta kwanta, ruwa ba ya da inda za shi, sai ya yi sati cikin gona. Gero ba ya son haka, kwana kaɗan ya yi ja ya mutu. Dawa ce ke ɗan jurewa. Shi ya sa tsoffinmu gero bisa jigawa suke shuka shi, fadama ta dawa ce da kayan rani. Yanzu da gonaki sunka yi kaɗan kowa na shuka abin da ya samu inda ya samu.

Bazabarme_Yamai:
Kai Bagobiri, kai da ruwa ina ka san shi? Gulbin da ke aiki wata huɗu ya yi hutun wata takwas shi ne har ake buɗe mai zaure? Ku zo Yamai ku ga Isa, wato kogin Neja, ku ga abin da ake kira kogi.

Bagobirin_Tsibiri:
Bawana, wa ya ba ka izinin magana gaban ubangijinka? Isan naka ba shi ne ya kore ku daga Haro Banda da Saga kuna ɗauke da katifu a ka ba? Mu namu ko ba komi yana ba mu hutu.

Mai_Zaure:
Taubasai, a ci gaba da wannan ta akwatin sirri. A koma kan gulbi don Allah.

'Yar_Zariya:
Ni ina zaune unguwar Zariya ta nan Maraɗi, bisa tudu, nesa da gulbi. Ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024 ruwa ya shiga ɗakina har gwiwa. Gulbi bai hau tudu ya same ni ba, kuma ba daga Jibiya ruwan ya zo ba, daga sama ya sauko, daga kwanon maƙwabta da titi ya shigo. Hukuma ta ce an samu milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, mutum 15 sunka rasu cikin gari. Titunan da Baba ya ce an yanka miƙaƙƙu, waɗanda ke gangarawa yamma, su ne sunka zama ƙoramu, ruwa na jan babura da tebura na masu kanti.

Shekarar nan ai ƙasa duka ta sha. Kusan mutum 400 sunka rasu a Nijar, fiye da miliyan ɗaya abin ya shafa, tsohon masallacin Damagaram ya faɗi, komawa lakwal ma sai da anka ɗaga zuwa 28 ga Oktoba don mutane na kwana cikin azuzuwa. Damagaram wane baraji ke bisanta?

Don haka yaya Ɗan_Bagalam, in kana maganar gidajen da ke faɗuwa cikin gari, ka bar Jibiya ta huta. Ruwa biyu ne muke haɗawa a baki guda: na gulbi mai tahowa daga kudu, da na garin kanshi mai neman hanyar sauka gulbi.

Injiniyan_Ruwa:
'Yar_Zariya ta taɓo wurin. Bari in mayar da milimita 150 ɗin nan abin da ido zai gani. Milimita ɗaya ita ce lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Fili mai mita 20 sau 20, irin wanda ake yankawa a gina gida, ya karɓi lita dubu 60 ke nan. Durom 300 na lita 200, a gida ɗaya, cikin minti 90. Maraɗi kuwa a shekara ta yau da kullum ruwan da take samu duka bai wuce wajen milimita 500 ba. Kusan sulusin damina ya sauka a zama guda.

Da garin yake ƙarami, rairayin tudu ne ke shanye yawancin wannan. A wajen 1950 mutanen Maraɗi ko dubu 10 ba su cika ba. Ƙidayar 2012 ta ba da fiye da dubu 260, yanzu kuwa kowa ya ga inda gini ya kai. Kowane rufin kwano, kowane tsakar gida da aka shafe da siminti, kowace kwalta, wuri ne da ruwa ya daina nutsewa. Duk sai ya tattaru ya nufi bakin tudu, inda ƙasa ta gangara zuwa kwari, ya yanka rairayin. Kwazazzaban da ke cin gidaje a gefen yamma daga nan suke.

Magini:
Injiniya ya yi ta boko, bari in yi ta masu cokali. Gidan ƙasa abu uku ke kashe shi: gindi, indararo, da maƙwabci. In ba a ɗaga gindin ba, ruwa ya kwanta jikin bango awa biyu, an gama. In indararo ya toshe, soro ya sha ruwa ya yi nauyi, azara ta karye cikin dare kan masu barci. Yawancin rasuwar da ake yi cikin gari faɗuwar gini ce, ba nutsewa ba. Na uku, maƙwabci ya samu kuɗi ya yi na bulo, ya cika filinshi da ƙasa ya ɗaga shi sama da naka, ya juyo maka da bututu. Shi ya tsira, kai ka karɓi rabonshi.

Sai kududdufai. Kowace tsohuwar unguwa da ramin da anka ɗebi ƙasar gininta, nan ruwan unguwa ke taruwa. An bi su an cike da shara an saida. Ni da hannuna an sha kirana in kafa gini inda na san ina yaro muna kamun kwaɗi. In ka yi magana mai wuri ya ce takarda gare shi. Takarda kuwa ruwa ba ya karanta ta.

Uwar_Tagwaye:
Ledar nan fa kada a manta da ita. Kanibon layinmu, wato magudanar ruwa, rabinshi leda ne da yashi, ba a yashe shi sai hadari ya taso. Kuma mu mata mu ke zubawa, a faɗi gaskiya, don mai amalanken shara sai ya yi sati bai leƙo ba.

Ɗan_Bagalam:
To na yarda na cikin gari daban. Amma ƙauyukan cikin kwari fa? Sumarana, Safo, Madarumfa, waɗannan ba kwano ba kwalta. Su ai na gulbi ne ke cinsu. Akwai ɗan can a zauren nan ya gaya muna?

Masuncin_Madarumfa:
Ga ni. Mu tsakanin ruwa biyu muke. Tabkinmu Gulbin Gabi ne babban mai cika shi, shi ma daga kudu yake zuwa, ga kuma Gulbin Maraɗi ta ɗaya gefen. In sunka ciko tare, sai Allah. Amma abin da ya fi damunmu mu masunta shi ne tabkin na cikewa da ƙasa. Inda ubana ke kafa gora ta nutse, yau yaro na tsayawa. Kowace damina ruwa na zuwa ja wur, in ya kwanta ya bar laka. Tabkin da ba ya da zurfi ba ya riƙe ruwa: da damina ya watsu cikin gonaki, da bazara ya ja baya ya bar mu da taɓo. Masu zuwa ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi suna ganin ruwa su ce masha Allah, mu muka san abin da ya rage.

Game da baraji, abin da muke roƙo ba a rushe shi ba ne. A gaya muna in ya cika. Ko awa shida mutum ya samu zai kwashe injinshi da awakinshi.

Malam_Taswira:
Wannan roƙon na Masunci ba sabon abu ba ne a takarda. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, ofishinta na Yamai. A 18 ga Yuli 1990 kuma suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai, ta ambaci kwari huɗu: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai ƙasan Komadugu Yobe. A ciki akwai batun musayar bayanai da tuntuɓar juna kafin wani ya yi aikin da zai taɓa ruwan ɗan'uwansa. Ku lura da shekarar: an gama dam 1989, an sa hannu 1990. A nawa ra'ayin, abin da ke kai labari ƙauye kafin ruwa ya kai shi ne ma'aunin ruwa a gada, mutum mai duba shi, da waya. Wannan ba ya buƙatar taron ministoci.

Ɗan_Sabon_Birni:
Ina karanta ku ina murmushi. Ku kuna cewa Najeriya ta sako muku ruwa, mu nan in Rima ta cika sai ka ji tsofaffi na cewa ruwan Faransa ya iso. Har yau wasu haka suke kiran Nijar. Wato kowa na sama da shi yake zargi. Mu kuma na ƙasa da mu, mutanen Goronyo da Sakkwato, suna da nasu dam ɗin da nasu ƙorafin. A Satumbar 2010 ruwan Rima ya cinye ƙauyuka da gonaki, ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aka yi ta ce-ce-ku-ce kan dam ɗin Goronyo kamar yadda kuke yi kan na Jibiya. A cikin ruwan nan akwai na Gagare, akwai na Bunsuru, akwai naku.

Manomin_Jigawa:
Ba wanda ya yi maganar itace. Jan ruwan da Masunci ke gani ƙasar gonakinmu ce ta tudu. Bayan farin 1973 da na 1984 daji ya ƙare, gona ta zama fili fetal, ruwa na faɗowa ya kwashi ƙasa ya tafi. Nan jihar Maraɗi ne anka fara abin da muke kira sassabin zamani a shekarun 1980, wani Bature ɗan Ostareliya, Toni Rinaudo, na cikin waɗanda sunka tura shi: in kana sassabe kada ka tumɓuke kututture, ka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi su tashi. Gonata yau da gawo da kalgo da sabara, kuma zaizayar da ke raba ta biyu ta tsaya. In da za a yi haka tun daga ƙasar Katsina har ƙasa, da ruwan zai iso gulbi a hankali.

Injiniyan_Ruwa:
Yana taimakawa ƙwarai wajen riƙe ƙasa da ruwan yau da kullum. Amma kada mu ɗora wa gawo abin da ya fi ƙarfinsa. Milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, ko kurmi ne sai ya zubar. A 1945 ai kwarin cike yake da itace.

Manomin_Jigawa:
Injiniya, ku dai ba ku yarda da abin da ba siminti. Je ka Mayahi ka dubi Gulbin Kaba, kwari ne babba amma ruwa ya daina bin shi sai tabkuna nan da can, goriba ce ta riƙe wurin, mutane na ci daga kaba. Can itacen ne dukiyar, ba wanda ya kawo musu siminti.

Hajiya_Mai_Zogale:
Ku bar gardamar gawo ku zo ku ga masu ɗibar yashi. Da rani kamyo ke shiga cikin gulbi safe da yamma, don garin nan duk bulonshi daga nan yake. Inda sunka yi rami kusa da gaɓa, damina na zuwa gaɓar ta zube. Maƙwabcina mangwaro huɗu ya rasa da rijiya, gulbi ya matso ya shige gonar. Wanda ke ƙetare kuma ya wayi gari da sabon fili na yashi. Har gaban mai gari sunka je kan iyaka.

Bajibiye:
Tunda an zo nan, mai tambaya: titin jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, mai kilomita 284, ta wajenmu zai bi ya shiga ƙasarku. Tudun da ake tarawa a ɗora layin, ba zai zama wani dam ɗin ba?

Injiniyan_Ruwa:
Duk hanyar da aka ɗaga a shimfiɗaɗɗen fili, ta mota ko ta jirgi, tana tare ruwa in ba a bar masa ƙofofi isassu ba. Abin dubawa shi ne yawan kwalbatoci da girmansu, da kuma wanda zai riƙa yashe su bayan an gama biki. Mutanen ƙauyen da layin ya ratsa su suka fi kowa sanin inda ruwa ke bi, su yi magana tun ana aiki.

Baba_Limanci:
Jiya bayan la'asar jikana ya kai ni bisa babur har bakin tudu, inda ake hangen kwari. Na ga sabbin gine-gine na bulo suna sauka ƙasa, wasu har da bene, a gefen da anka taso da iyayenmu. Na tambayi wani yaro mai aiki wurin, ya ce ai Baba gulbi ya daina zuwa nan tun da anka yi baraji. Ɗan_Bagalam, ka ji. Kai kana cewa baraji ke kawo ruwa, shi yana cewa baraji ya hana ruwa, ya zuba kuɗinshi kan haka. Ku biyu kun ba barajin nan girman da bai kai ba.

Ɗan_Bagalam:
Baba na ji, kuma na gode ma kowa. Na cikin gari na bar ma kwano da leda da masu cike kududdufi. Amma na kwari har yanzu ban wanke Jibiya tas ba. Injiniya da bakinshi ya ce barajin na shanye ruwan farko ya saki na ƙarshe, kuma Masunci ya ce ba mai gaya musu ranar. Wanda ke riƙe da ruwa bisa kanka, ko bai yi niyyar cuta ba, akwai haƙƙinka wuyanshi.

Bajibiye:
Wannan kam ba zan yi maka musu ba, sai dai ka sani mu ma da ke gindinsa ba wanda ke buga mana waya, ido muke sawa. Masuncin_Madarumfa, turo mini lambarka ta akwatin sirri. Ina bi ta gada kullum da safe in zan tafi kasuwa, in na ga ya canza launi ko ya hau zan kira ka.

Masuncin_Madarumfa:
Na turo. In layin Najeriya ya ƙi shiga ka yi muryar WhatsApp, ƙanena na da babbar waya.

Bagobirin_Tsibiri:
To in ya kira ka kai ma ka kira mu, kada labarin ya tsaya Madarumfa. Daga wajenku zuwa nan ruwan na ɗaukar lokaci, muna iya kwashe abin da za mu kwashe. Hajiya, ke kina tsakiya, ki karɓa ki miƙo.